Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo: Lacca A Kan Malami Mai Binciken Ajinsa

Ga bayanin laccar da wani tsohon hedimasta, mutumin Arewa wanda ya daɗe yana karantarwa a makarantun Kudu, ya yi wa malaman makaranta da iyayen yara a wata unguwar Hausawa da ke Ikko. An taru ne bayan sallar la'asar a farfajiyar makarantar unguwar, kuma dattawa da 'yan kasuwa da yawa sun halarta.

Bayan sallama da godiya ga dattawan unguwa, mai lacca ya fara da wani abu da ya ce kowa a wurin ya san shi. Duk ƙarshen shekara yaro zai kawo wa ubansa takardar sakamakon jarrabawa. Uba ya duba, ko ya ba wani ya duba masa, sai a ga jan rubutu ya cika ta. Uba ya ce malaman zamani ba su aikin kome. Malami ya ce yaron ne daƙiƙi. Shi kuwa yaro ya sunkuyar da kai, ba wanda ya tambaye shi. Kafin wata biyu sai a ga an tura shi kara wurin dillalan shanu, ko tashar mota, ko an sa shi a mota an mayar da shi gida. In yarinya ce sai a ɗora mata farantin talla. Ya ce ta haka ake yanke wa yaro hukuncin rayuwarsa gaba ɗaya, alhali ba wanda ya tsaya ya gano ainihin abin da ya hana shi koyo. Laifi tudu ne, in ji shi, kowa ya taka nasa yana hangen na wani.

Ya ce abin da ya zo faɗi a taƙaice shi ne, akwai mutum guda wanda ya fi kowa damar gano wannan dalili, watau malamin ajin. Sufeto yakan zo sau ɗaya a zango, in ma ya zo. Masanin jami'a yakan zo da takardun tambayoyi ya tafi. Malami kuwa yana tare da yaran nan kwana biyar a kowane mako. Mai ɗaki shi ya san inda yake yi masa yoyo, amma fa sai in ya ɗaga kai ya duba rufin lokacin da ake ruwa.

Mene Ne Binciken Cikin Aji?

Mai lacca ya roƙi malamai kada kalmar bincike ta ba su tsoro. Ba ana nufin su rubuta kundi ba, ba kuma ana bukatar kuɗi ko wata na'ura ba. Matakai huɗu ne kawai.

Na farko, malami ya zaɓi matsala guda ɗaya, ƙarama, wadda ke damunsa, ya mai da ita tambaya. In ya ce yaransa ba su da ƙoƙari, wannan kuka ne, ba tambaya ba. Amma in ya ce, "Me ya sa yaran da ke bencin baya ba su taɓa amsa tambaya ba?" ko "A wane wuri ne yara ke ɓacewa a lissafin ɗebewa mai aro?" to ya sami abin da za a iya bi.

Na biyu, ya tattara shaida kafin ya taɓa kome. Ya duba rajista, ya duba littattafan yara, ya ƙirga, ya rubuta abin da ya gani da kwanan wata. Na uku, ya sake abu guda ɗaya tak a cikin yadda yake karantarwa, ya dage a kai mako uku ko huɗu. Na huɗu, ya sake aunawa da irin ma'aunin farko, ya gwama. In an sami ci gaba ya riƙe sabuwar hanya. In ba a samu ba ya ajiye ta, ya gwada wata. Sa'an nan ya koma kan mataki na farko da sabuwar tambaya, domin aikin zagaye ne, ba ya ƙarewa.

Game da asalin wannan hanya, ya ce wani masani Bajamushe mai suna Kurt Lewin, wanda ya yi hijira zuwa Amurka a 1933, shi ne ya bayyana ta a rubuce a 1946, ko da yake shi a kan zaman jama'a ya yi magana. A 1953 Stephen Corey na Jami'ar Columbia ya rubuta littafi yana kiran malaman makaranta su yi amfani da ita. A Ingila kuma Lawrence Stenhouse ya fito da littafinsa a 1975, inda ya nuna cewa duk wata manhaja da aka tsara a ofis shawara ce kawai, sai malami ya gwada ta a aji sa'an nan za a san ƙimarta. Mai lacca ya ce Bahaushe ya riga su faɗi, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Shirun Sakan Uku

Daga nan sai ya kawo misali na farko. A Amurka wata malama masaniyar koyar da kimiyya, Mary Budd Rowe, ta ɗauki muryoyin darussa masu yawa a faifai, ta zauna tana auna tsawon lokacin da malami ke jira bayan ya yi tambaya. Abin da ta bayyana a 1972 ya ba malamai mamaki. Yawanci malami ba ya jira fiye da sakan ɗaya kafin ya maimaita tambayar, ko ya nuna wani yaro, ko ya amsa da kansa. Da aka horar da malamai su yi shiru na sakan uku ko fiye, sai amsoshin yara suka ƙara tsawo, masu ɗaga hannu suka ƙaru, har yaran da aka ɗauka ba su san kome ba suka fara buɗe baki.

Ya ce a dubi ɗan Bahaushen Agege ko na Sabon Badun ko na Anacha. Da Hausa ake yi masa magana a gida. A titi yana jin Yarabanci ko Ibo ko buroka. Da asuba yana karatun allo da Larabci. Ƙarfe takwas kuma malama ta jefo masa tambaya da Turanci. Dole ya juya tambayar a zuciyarsa, ya nemo amsa, ya sake juya ta, sa'an nan ya yi ƙarfin halin ɗaga hannu. Kafin ya gama wannan tafiya an riga an wuce shi. Gobe ma haka, jibi ma haka, har ya daina wahalar da kansa, a rubuta shi cikin daƙiƙai.

Ya ce kada wani malami ya karɓi wannan magana don an ce daga Amurka ta fito. Ya gwada da kansa. Ya zana taswirar ajinsa a takarda, kowane benci da sunayen masu zama a kai. Duk yaron da ya amsa tambaya ya ɗiga masa alama. Bayan mako guda ya duba. Lalle zai ga alamomin sun taru a kan 'yan yara kaɗan na gaba, sauran ajin kuwa fari fat. To daga nan sai ya fara ƙirga ɗaya, biyu, uku a zuciyarsa bayan kowace tambaya, ya ci gaba da ɗiga alama. Bayan wata guda ya ajiye takardun biyu gefe da gefe. Gani ya kori ji.

Lissafin Kasuwa Da Na Takarda

Misali na biyu daga birnin Recife na ƙasar Barazil ya fito. A 1985 wasu masana uku suka buga sakamakon wani nazari da suka yi a kan yara biyar masu talla, 'yan shekara 9 zuwa 15. Suka je wurinsu kamar masu saye, suna tambayar kuɗin kwakwa kaza da canjin kuɗi kaza. Yaran suka ci kusan kashi 98 cikin ɗari na lissafin da ka. Da aka ba su lambobin nan dai a takarda, irin yadda ake yi a makaranta, abin da suka ci bai wuce kashi 37 cikin ɗari ba.

Mai lacca ya ce shi ma ya taɓa cin karo da irin wannan. A wata makaranta da ya karantar akwai wata yarinya da kullum take ta ƙarshe a lissafi, har ya fid da rai da ita. Ran nan da yamma ya tsaya sayen goro a bakin masallaci, sai ya tarar ita ce mai tallan. Mutane uku suka miƙa mata kuɗi kusan lokaci guda, kowa ta ba shi canjinsa daidai, ba ta ko ɗaga kai ba. Ya ce a daren nan bai yi barci sosai ba, domin ya gane ba yarinyar ce ta faɗi jarrabawa ba, shi ne ya faɗi.

Washegari ya karɓi littafinta ya bi kurakuranta ɗaya bayan ɗaya. Sai ya ga ashe kuskure guda ne take ta maimaitawa. In an ce ta ɗebe 27 daga 52, sai ta dubi 2 da 7 ta ɗebe ƙaramin daga babban ta rubuta 5, ta dubi 5 da 2 ta rubuta 3, amsa ta zama 35 maimakon 25. Ba ta san abin da ake nufi da aro ba. Da ya kawo tsinken ashana ya ɗaure su goma goma, ya ce ta kwance ɗauri guda kamar yadda take canja babban kuɗi a kasuwa, sai ta yi dariya ta ce ai wannan ta sani. Da ya duba littattafan sauran yara kuwa, sai ya tarar ba ita kaɗai ba ce. Ya ce tun daga ranar ya daina yi wa amsa jan kurosi ya wuce, sai ya tambayi kansa ta wace hanya yaron ya bi har ya iso ga wannan amsa. Kuskuren yaro saƙo ne zuwa ga malami, amma sai mai karantawa.

Maganar Harshe

Har wa yau ya tunatar da jama'a cewa ba sai an ƙetare teku ba kafin a ga amfanin gwaji. A 1970 Farfesa Aliu Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara wani gwaji a makarantar St Stephen da ke Modakeke. Aka karantar da wasu yara dukkan darussa da Yarabanci har shekara shida, Turanci kuwa aka koya musu shi a matsayin darasi guda. Wasu kuma aka bi da su ta hanyar da aka saba. Aka tarar waɗanda aka karantar da harshensu ba su kasa a Turanci ba, a sauran darussa kuma sun yi fice. Malaman furamare ne suka riƙe azuzuwan nan, su ne suka gwada sababbin littattafan da aka rubuta.

Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara karantar da yaro da harshen uwarsa ko harshen jama'ar wurin. To amma, in ji mai lacca, ɗan baƙo fa? Harshen jama'ar wurin ba nasa ba ne, Turanci ma ba nasa ba ne. Babu wata doka da za a rubuta a Abuja wadda za ta gaya wa malamar aji biyu a Idi Araba yadda za ta yi da 'yan Hausawa goma da ke ajinta. Ita ce za ta gano. Za ta iya gwada zaunar da sabon zuwa kusa da ɗan uwansa wanda ya riga ya ji harsunan biyu, ta ga ko aikinsa zai sake. Za ta iya tara kurakuran rubutunsu, inda za ta ga suna yawan musanya harafin p da f, saboda a Hausa sautin guda ne. Wannan ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Kunne ne bai saba ba, kuma 'yan mintoci kaɗan na horon saurare kowace safiya sun fi bulala goma amfani.

Darasi Daga Makarantar Allo

Ya juya ga alarammomin da ke wurin ya ce akwai abin da 'yan boko za su koya daga gare su. Malamin allo ba ya yi wa almajiri ƙari sai ya saurare shi shi kaɗai, ya tabbata ya riƙe na baya, sa'an nan ya ce ya wanke. Saboda haka ya san inda kowane yaro ya tsaya. A boko kuwa ana bin manhaja ne da kwanan wata, wanda ya gane da wanda bai gane ba duk a wuce da su.

Ya ce a ƙasar Indiya wata ƙungiya mai suna Pratham ta fito da wani ɗan gwaji mai sauƙi wanda ya yi kama da wannan. A takarda guda akwai haruffa, da kalmomi, da gajeren sakin layi, da ɗan labari. A kira yaro shi kaɗai a ga inda ya tsaya. Sa'an nan a raba yara bisa ga matsayinsu, ba bisa ga shekarunsu ba, a ba kowane rukuni aikin da ya dace da shi na wani lokaci a kowace rana. A ɗauka malami yana da yara 60. In ya saurari shida kowace rana, cikin kwana goma na makaranta ya san ajinsa kaf. Zai yiwu ya tarar a aji huɗu akwai waɗanda ba su gama sanin haruffa ba, alhali ya shekara yana ba su aikin rubuta wasiƙa.

Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Mutum ba ya ganin ƙeyarsa, in ji mai lacca, don haka malami yana bukatar idon ɗan uwansa. A ƙasar Japan, tun ƙarshen ƙarni na 19, malamai suna da al'adar shirya darasi guda tare. Ɗaya ya karantar, sauran su tsaya a gefe suna lura, ba da malamin ba, da yaran: wa ya gane, wa ya rikice, a daidai wace kalma. Bayan an tashi su zauna su gyara darasin. Ƙasar Zambiya ta ɗauki wannan hanya a 2005 da taimakon Japan, ta fara da lardinta na tsakiya.

Ya gargaɗi hedimastoci da kada su mai da wannan ya zama tarkon kama malamai. Ranar da aka fara sa abin da aka gani a ajin mutum cikin fayil ɗinsa, ranar ce kowa zai rufe ƙofarsa. Mai shiga ajin abokinsa baƙo ne, ba alƙali ba.

Sharuɗɗa Da Iyaka

Mai lacca ya kafa sharuɗɗa uku. Na ɗaya, kada a sake abubuwa da yawa lokaci guda. Wanda ya sha magani iri biyar ya warke bai san wanda ya yi masa aiki ba. Na biyu, a rubuta gaskiya ko da ba ta yi daɗi ba, domin zuciya takan tuna abin da take so ne kawai, takarda kuwa ba ta kara. Gwajin da bai ci nasara ba shi ma ilmi ne, in an faɗa wa abokan aiki ya hutar da su. Na uku, a rufa wa yara asiri. Abin da malami ya gano game da gidan wani yaro amana ce, ba labarin ɗakin malamai ba.

Ya kuma ce ba zai yaudari kowa ba. Bincike ba zai gina aji ba, ba zai biya albashi ba. A watan Satumba na 1976, da aka buɗe shirin ba da ilmin furamare kyauta ga kowa, an yi tanadin yara miliyan 2 da dubu 300, sai ga wajen miliyan 3 sun bayyana. Aka horar da malamai cikin gaggawa, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a wannan shekara don cike giɓi. Manufar ilmi ta 2004 ta ce malami guda ga yara 35, amma kowa ya san azuzuwan da suka ninka haka. Hakkin hukuma ne ta gyara wannan, kuma wajibi ne a ci gaba da tunatar da ita. Sai dai yaron da ke aji uku bana ba zai tsaya yana jiran kasafin kuɗi ba. Baɗi yana aji huɗu, ko kuwa yana tasha.

Tambaya Da Amsa

Da aka ba da damar tambaya, wani dattijo mai fataucin goro ya miƙe ya ce, "Malam, Allah ya saka da alheri. Mu da ba mu yi boko ba, ina namu a ciki? Ni dai kuɗin makaranta na sani, in na biya na gama."

Mai lacca ya amsa da cewa, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, ai rabin amsar tana hannunku. Malami yana ganin yaro yana gyangyaɗi a aji, amma ku kuka san ƙarfe nawa ya kwanta, da ko ya karya kumallo kafin ya fito. Malami yana ganin rajista ta nuna yarinya ba ta zuwa wasu ranaku, ku kuka san ranar da mota ke sauke kaya. In ya aiko yana tambaya, kada a ɗauka shisshigi ne. In kuma kun je makaranta, kada ku tsaya ga tambayar na nawa ya zo. Ku ce, Malam, mene ne ɗana ya iya, mene ne bai iya ba tukuna, me kake gwadawa a kai? Kai da ba ka sayen huhun goro sai ka buɗe ka gani, yaya za ka karɓi hukunci a kan ɗanka ba ka bincika ba?" Jama'a suka yi dariya, dattijon ya ce gaskiya ne.

Wata malama kuma ta ce aikin da ke kansu ya riga ya yi yawa, ina za su sami lokaci. Ya amsa mata da cewa minti biyar bayan an tashi ya isa a rubuta layi uku: abin da aka gwada yau, abin da aka gani, abin da za a yi gobe. Ya ce lokacin da ake ɓatawa wajen maimaita darasin da ba a gane ba sau uku ya fi wannan yawa nesa ba kusa ba.

A ƙarshe ya roƙi kowane malami da ke wurin ya sayi ɗan littafin rubutu guda kafin ranar Litinin, ya rubuta tambaya ɗaya a shafin farko, sa'an nan su sake haɗuwa a ƙarshen zango kowa ya karanta wa 'yan uwansa abin da ya gano. Iyaye kuma ya roƙe su kada a cire yaro ko yarinya daga makaranta saboda jan rubutu sai an zauna da malami an ji dalili.

Limamin unguwa ya rufe taro da addu'a gab da magariba, jama'a suka watse.